Buldoza Mai Inji a Baya: Yadda Ake Neman Bayaninta da Kayan Gyaranta

Gabatarwa

Kusan duk ɗalibin da ya taɓa wucewa ta wurin da ake aikin hanya ko ginin madatsar ruwa ya san siffar buldoza, wadda jama'a suka fi sani da katafila. Wannan suna ya samo asali ne daga kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a shekarar 1925. Siffar da ido ya saba gani ita ce: allon turi a gaba, inji a bayansa, sannan direba can a ƙarshe yana hangen aiki ta saman inji. To amma akwai wani jinsi na buldoza da aka juya wa wannan tsari, aka zaunar da direba a gaba, aka mayar da inji baya. Irin waɗannan ba su yi yawa ba, kuma kamfanonin da suka ƙera mafi yawansu sun daɗe da barin sana'ar. Saboda haka duk wanda ya mallaki ɗaya a yau yana fuskantar tambayoyi biyu: ina zai sami bayaninta, kuma ina zai sami kayan gyaranta? Wannan maƙala za ta duba dalilin ƙera ta a haka, sannan ta bi matakan da masu farfaɗo da tsofaffin na'urori ke bi wajen amsa tambayoyin nan.

Eimco da sauran takwarorinta

Fitaccen misali a wannan fage shi ne kamfanin Eimco, wanda a da yake birnin Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka. Asalin sana'arsa ita ce ƙera na'urorin haƙar ma'adinai, kuma ya yi suna tun a ƙarshen shekarun 1930 da wata na'ura mai kwasar duwatsu a cikin rami ta jefa su ta saman kanta zuwa cikin tarago. A shekarun 1950 da 1960 ya fitar da taraktoci masu tafiya a kan sarƙa, irin su samfurin 105 da 103, waɗanda direbansu ke zaune a gaba, injinsu kuma yana baya. Ana iya ɗaura musu allon turi su zama buldoza, ko a ɗaura musu bokiti su zama na'urar loda ƙasa. Har ila yau, ana iya sarrafa kowace sarƙa ita kaɗai, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, ta yadda na'urar za ta juya a inda take tsaye.

Akwai kuma buldozoji masu tayoyin roba, kamar Caterpillar 824 da 834 na shekarun 1960, waɗanda su ma injinsu a baya yake. A ɓangaren na'urorin loda ƙasa masu sarƙa kuwa, kamfanin JCB na Ingila ya fitar da samfurin 110 mai inji a baya a shekarar 1971, sannan Caterpillar ya fitar da 943 da 953 da 963 a farkon shekarun 1980.

Ya kamata mai karatu ya kiyaye wani ruɗani a nan. Kamfanin Euclid, wanda General Motors ya saya a 1953, ya ƙera buldozoji irin su TC-12 mai injuna biyu, waɗanda lagiretonsu ke baya amma injin yana gaban direba. Daga 1970 aka ci gaba da sayar da zuriyarsu da sunan Terex. Ganin lagireto a baya bai isa hujjar cewa inji ma yana can ba.

Me ya sa aka mayar da inji baya?

Dalili na farko shi ne gani. A buldoza ta al'ada inji yana tare wa direba bakin allon turi, sai dai ya riƙa leƙen gefensa yana aiki da ƙwarewa da jin motsin na'urar a jikinsa. Idan kuwa yana zaune a gaba, yana kallon ƙasar da allon ke yanka kai tsaye.

Dalili na biyu shi ne daidaiton nauyi. A darasin fiziya mun san cewa ƙarfin juya abu daidai yake da nauyi sau nisansa daga madogara, kamar yadda yake a lilon yara mai katako ɗaya. Idan bokiti ya cika da ƙasa aka ɗaga shi, nauyinsa yana neman kifar da na'urar ta gaba. Inji mai nauyi da ke can baya sai ya zama magani, ba tare da an ƙara wani dunƙulen ƙarfe ba. Dalili na uku shi ne cewa lagireto da matatar iska sun yi nesa da ƙurar da allon turi ke tayarwa da kuma rassan da ke iya huda su.

To, idan haka ne, me ya hana wannan tsari mamaye kasuwa? Amsar tana cikin bambancin aikin turi da aikin ɗagawa. Buldoza tana buƙatar nauyi a gaba domin bakin allonta ya nutse cikin ƙasa mai tauri, kuma bayanta wuri ne na ɗaura ƙugiyar farfasa ƙasa ko na'urar jan igiya. Bugu da ƙari, direban da ke gaba ya fi kusa da itacen da ake turewa da dutsen da ke gangarowa, kuma ya fi jin girgiza duk lokacin da na'urar ta hau tudu ta sauko. Wannan ya sa tsarin ya zauna daram a na'urorin loda ƙasa da buldozoji masu taya, amma a buldoza mai sarƙa ya kasance baƙo. Ƙarancinta shi ne tushen wahalar samun kayanta.

Mataki na farko: sanin abin da ke hannunka

Hausawa sun ce sai an san asalin cuta ake samun maganinta. Kafin a sayi ko da noti ɗaya, wajibi ne a gano sunan kamfani da samfuri da lambar na'urar. Ana samun waɗannan a wani ɗan farantin ƙarfe da aka kafe a jikin firam ko kusa da mazaunin direba, wani lokaci kuma an buga lambar a jikin ƙarfen kansa. Lambar tana da muhimmanci domin kamfanoni sukan sauya wani sashe a tsakiyar ƙera samfuri ɗaya, sai littafin kaya ya ce daga lamba kaza zuwa kaza ga abin da ya dace, daga nan zuwa sama kuma wani daban.

Idan fenti da tsatsa sun rufe lambar, a wanke da kananzir da burushi mai laushi, a haska tocila ta gefe domin inuwa ta fito da rubutun, ko a ɗora takarda a goga fensir a kai. Kada a sa injin gurza ƙarfe, domin yana iya shafe lambar har abada. Sannan a tuna cewa inji yana da tasa lambar, akwatin giya yana da tasa, haka famfon haidirolik. Kuma na'urar da ta shekara sittin tana aiki mai yiwuwa ne an taɓa sauya mata inji, don haka abin da ido ya gani a jikinta ya fi abin da littafi ya faɗa ƙarfin hujja.

Mataki na biyu: neman takardu

Littattafai uku ne ke rakiyar kowace babbar na'ura: littafin direba, mai bayanin tuƙi da shafa man giris, littafin makaniki, mai bayanin kwancewa da ɗaurewa da ma'aunai, da littafin kaya, mai zanen kowane sashe a warwatse tare da lambarsa. Na ukun nan shi ne mafi daraja ga mai neman kayan gyara.

Akwai wuraren da ake adana irin waɗannan takardu. Ƙungiyar adana tarihin na'urorin gine-gine da ake kira HCEA, wadda ke garin Bowling Green a jihar Ohio, tana da gidan tarihi da taskar littattafai da takardun talla na kamfanoni masu yawa, har da waɗanda suka rufe. Masu tsofaffin na'urorin Caterpillar suna da tasu ƙungiyar mai suna ACMOC. Cibiyar gwajin tarakta ta Jami'ar Nebraska, wadda ta fara aiki a 1920, ta gwada taraktoci masu taya da masu sarƙa, kuma rahotanninta da ke nuna ƙarfin ja da nauyi da shan mai suna nan a intanet kyauta. Rundunar sojan Amurka ma takan buga littattafan gyara na na'urorin da ta saya, kuma da yawa daga cikin tsofaffin suna hannun jama'a. Haka nan takardun haƙƙin ƙirƙira suna ɗauke da zane-zanen da ke nuna yadda giya ko birki ke aiki, ko da yake ba su ba da ma'aunai.

Wata dabara kuma ita ce bin sawun kamfanin, domin sau da yawa kamfani ba ya mutuwa, sauya hannu yake yi. Sashen na'urorin haƙar ma'adinai na Eimco, alal misali, ya koma hannun Tamrock na ƙasar Finland a 1989, shi kuma Tamrock ya koma hannun Sandvik na ƙasar Siwidin a 1997. Sai dai gadon suna daban, gadon kayan gyara daban. Wanda ya sayi kamfani ba lallai ne ya ci gaba da kula da samfurin da aka daina ƙerawa tun kafin cinikin ba.

Abin lura a nan shi ne cewa ba kowane bayani ne abin dogaro ba. Takardar talla takan faɗi ƙarfin inji a yanayi mafi kyau, abin da wani ya rubuta daga tunaninsa kuma yana iya gauraya samfuri biyu. Ƙa'idar ita ce ta ɗakin gwaji: a nemi shaida biyu masu zaman kansu, sannan a tabbatar da awo.

Mataki na uku: raba kayan gida uku

Babban sirrin wannan aiki shi ne fahimtar cewa ƙananan kamfanoni ba su ƙera komai da kansu. Saboda haka kayan na'urar sun kasu gida uku.

Kashi na farko shi ne manyan sassan da aka sayo daga wasu kamfanoni. Eimco bai ƙera injin kansa ba. Yana ɗora na General Motors ko na Cummins. Mu ɗauki injin General Motors da ake kira Detroit Diesel jerin 71, wanda aka fara ƙerawa a 1938 aka daina a 1995. Lambar 71 tana nufin kowace silinda tana da faɗin ciki na inci 71 na murabba'in tsayi da faɗi da zurfi, wato kimanin lita 1.16. Ke nan 4-71 inji ne mai silinda huɗu, kimanin lita 4.65, shi kuma 6-71 mai silinda shida, kimanin lita 7. Inji ne mai bugu biyu: wata na'urar hura iska tana tura iska ta ramukan da ke jikin silinda, hayaƙi kuma yana fita ta bawul ɗin da ke sama. An yi amfani da shi a jiragen ruwa da bas-bas da manyan motoci da janareto, kuma fistin da rigar silinda girmansu ɗaya ne a duk jerin. Wannan ya sa har yau ana samun kayansa. Amma a kula, akwai mai bawul biyu da mai huɗu a kowace silinda, akwai mai juyawa dama da mai juyawa hagu, kuma na'urar hura iska tana iya kasancewa a kowane gefe. Lambar injin ce za ta raba gardama.

Kashi na biyu shi ne ƙananan kaya masu ma'aunin bai-ɗaya, kamar boris da robar tare mai da bel da tiyo da noti. Boris yana ɗauke da lambar kamfanin da ya yi shi, irin su Timken ko SKF, kuma da wannan lamba ake neman sabo ko makwafinsa, ba da lambar mai buldoza ba. Idan lambar ta goge, sai a auna faɗin rami da faɗin waje da kauri. A nan ne mutane da yawa ke tafka asara, domin na'urorin Amurka na wancan zamani da inci aka auna su, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Ƙusa mai rabin inci kaurinta milimita 12.7 ne, tana da zare 13 a kowane inci, wato kusan milimita 1.95 tsakanin zare da zare. Ƙusar milimita 12 kuwa tazarar zarenta 1.75 ce. A ido kamar ɗaya suke, amma idan aka tilasta wa ɗaya shiga ramin ɗaya, zaren ya lalace. Haka kuma ƙarfin ƙusa ya bambanta: layuka shida a kanta alama ce ta ƙusa mai daraja ta 8 a ma'aunin Amurka, kuma ba a maye gurbinta da ta kasuwa mai laushi a wurin da ke ɗauke da nauyi.

Kashi na uku shi ne sassan da kamfanin ya ƙera don wannan samfuri kaɗai, kamar haƙoran giya da sandunan juyi da kwandon giya. Waɗannan su ne ciwon kai. Hanyoyi uku ne: a sami wata matacciyar na'ura irinta a ciri kaya, a gyara tsohon ta hanyar cika shi da walda a sake fere shi, ko a ƙera sabo. Ƙera sabo yana buƙatar fiye da kwaikwayon siffa. Dole a san irin ƙarfen da yadda aka gasa shi, domin haƙorin giya yana da tauri a fatarsa da ɗan sassauci a cikinsa. Wanda aka fere daga ƙarfe mai laushi zai shiga wurinsa lafiya lau, amma ba da jimawa ba zai cinye, garinsa kuma ya bi mai ya lalata sauran giyar.

Sarƙa da ƙafafu

Sarƙa ita ce ke sa buldoza ba ta nutsewa. A ƙaddara na'ura mai nauyin tan 15, kowace sarƙa faɗinta rabin mita, tsawon da ke taɓa ƙasa mita 2.5. Jimillar filin da ta taka murabba'in mita 2.5 ne, ke nan kowane murabba'in santimita yana ɗauke da kilo 0.6 kacal. Amma wannan sashe shi ne ya fi saurin cinyewa, kuma gyaransa ya fi cin kuɗi.

Ma'auni mafi muhimmanci a nan shi ne tazarar da ke tsakanin fil da fil na sarƙa. Yayin da fil da bututunsa ke cinyewa, tazarar tana ƙaruwa, sai sarƙa ta daina zama daidai a kan haƙoran gargaren da ke jan ta. Ana miƙe sarƙar, a auna tsawon gaɓa huɗu, a raba gida huɗu, a kwatanta da abin da littafi ya faɗa. Idan babu sarƙar asali, akan nemi ta wata buldoza mai tazara iri ɗaya daga kamfanonin da suka ƙware a wannan fanni, kamar Berco na Italiya. Wani lokaci har akan yanke da'irar haƙoran tsohon gargare a walda masa sabuwa wadda ta dace da sarƙar da aka samu. A tabbata dai faɗin gaɓoɓin ya dace da rolar da ke ƙasa.

Gargaɗi kafin a ta da inji

Injin dizal ba ya amfani da tartsatsin wuta, don haka ba a kashe shi sai an yanke masa mai ko iska. A injin jerin 71 da ya daɗe a ajiye, sandar da ke sarrafa yawan man nozul tana iya maƙalewa a buɗe. Idan aka ta da shi a haka, sai ya yi ta ƙara gudu ba linzami har ya tarwatse. Haka kuma idan robar na'urar hura iska ta mutu, injin yana iya zuƙar baƙin mansa ya ƙona shi a matsayin makamashi. Don haka a buɗe murfin sama a tabbatar sandar tana motsi sakayau, a gwada murfin toshe iska na gaggawa idan akwai, a kuma tanadi katako mai kauri ko farantin ƙarfe na rufe bakin iska. Kada a kuskura a sa hannu ko tsumma.

Akwai wasu haɗurran uku. Man haidirolik da ke tsartuwa ta ƙaramin rami yana iya huda fata, don haka da kwali ake neman yoyo, ba da yatsa ba. Babban sifirin da ke ɗaure sarƙa yana riƙe da ƙarfin da zai iya kashe mutum, kuma ba a kwance shi sai da na'urar matsewa. Sannan tsofaffin fatun birki da gasket sukan ƙunshi asbesto, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo cutar huhu da sankara. A jiƙa su kafin a taɓa, kada a hura musu iska. Kuma ba a shiga ƙarƙashin allon turi da aka ɗaga sai an tokare shi.

Kammalawa

Kafin a kashe kuɗi, mai hankali yakan yi lissafi. Idan inji ne ya mutu, akwai fata. Idan kuwa kwandon giya ya fashe kuma sarƙa ta ƙare, wataƙila abin da ya fi shi ne na'urar ta zama tushen kaya ga wata. Ko a hakan ma, a ɗauki hotunanta, a rubuta lambobinta, a adana littattafanta, domin duk wadda ta shiga tukunyar narka ƙarfe ta tafi da bayanin da ba za a sake samu ba.

Ko da yake gidan waɗannan na'urori Amurka ne da Turai, hanyar binciken tana aiki a kan kowace tsohuwar tarakta ko janareto ko famfon ban ruwa da ke kwance a harabar ma'aikatunmu, kuma irin wannan aiki ne masu fere ƙarfe da masu walda ke yi kullum a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Malami zai iya mayar da shi darasi: ya kawo tsohon boris da ƙusoshi biyu, ta inci da ta milimita, ya ba ɗalibai ma'auni, su auna, su zana, su ƙirga zare, su faɗi wace ce wace tare da hujjarsu. Ɗalibin da ya koyi karanta lamba, ya nemi takarda, ya tabbatar da awo kafin ya yanke hukunci, ya kama hanyar zama injiniya.